Shafuka Masu Datti da Wilin Nika-nika

Ku da kuke zaune a gindin gadar Sakul kuna buɗe wayoyin mutane da ɗan sukundireba, labarin abin da kuke faɗa a kaina ya iso ni har ɗaki. Wai Ante Adiza ta ƙare ƙuruciyarta tana danna maɓalli ɗaya. Wai aikina shi ne in ce wa kwamfuta ta ajiye, ita kuma ta ajiye, sai in ɗauki jakata in hau trotro, motar hayarmu, in dawo Nima. Madalla da wannan zurfin ilimi. Tunda kun riga kun san komai, ku gyara zama in ƙara muku ɗan jahilci.

Abu na farko da za ku sani shi ne kwamfuta maƙaryaciya ce, kuma da gangan aka yi ta haka. Idan ka buga rubutu ka ce ta ajiye, ta amsa maka da cewa ta ajiye, to ba ta ajiye ba. Ta dai zuba shi a ƙwaƙwalwarta, wadda ke da sauri amma ba ta riƙe komai da zarar wuta ta ɗauke. Faifai shi ne ma'ajiya ta gaskiya, shi kuwa nawa gare shi kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Don kada mai bugawa ya zauna jiran faifai, sai injin ya ce masa an gama, ya bar rubutun a ƙwaƙwalwa a yanke shafi-shafi, da niyyar zai kai faifai in ya sami sarari. Shafin da aka canza amma bai kai faifai ba tukuna, shi muke kira shafi mai datti. Wanda ke yanke shawarar yaushe za a kwashe waɗannan shafuka, da nawa za a bari su taru, da wanne zai fara tafiya, wani shiri ne da ke can ƙasan dukkan shirye-shirye, ana ce masa kanel. A cikin kanel ɗin nake aiki. Sana'ata ita ce in ƙayyade tsawon lokacin da injin zai yi yana ƙarya kafin ya cika alkawari.

Ban shiga da wannan girman ba. Na gama makarantar koyon tafireta, aka ɗauke ni a wani ƙaramin kamfani a Adabraka da ke yi wa wasu kamfanoni aikin kwamfuta, don a lokacin ba kowa ke da injin ba. Aikina huda kati ne. In zauna gaban na'ura in buga, ita kuma ta huda ramuka a jikin kati, a tara katunan a kai wa injin. Injin yana ɗaki na musamman mai sanyi, ba a shiga da takalmi, ba a shiga da abinci. Mu 'yan Adam muna waje muna gumi. Na daɗe kafin in daina jin haushin cewa a duk ginin nan ƙarfe ne kaɗai aka yarda yana jin zafi.

Mai kula da injin Massa Ankrah ne, ɗan ƙabilar Ga, wanda ya yi karatun injiniya a waje ya dawo da tarin takardu da wani tef da ke ɗauke da rubutun kanel ɗin gaba ɗaya. A Adabraka ya tashi cikin 'yan zango, don haka yana jin Hausa, irin wadda kowa a cikinta "kai" ne, mace ko namiji. Da aka kawo allunan bugawa aka daina kati, 'yan mata da yawa suka tafi. Ni na tsaya ina yi masa tambayoyi har ya gaji, ya ce in shigo ɗakin sanyi.

Darasina na farko wasiƙa ce. Ya ce in buga wasiƙar neman aiki mai kyau, in ajiye. Na zauna na tsara ta, na gyara kowane layi, na ce wa injin ya ajiye, ya amsa.

"Ya ajiye?" in ji Massa Ankrah.

"Ya ajiye, Massa."

"Kai ka gani da ido?"

"Ga shi nan ya rubuta."

Ya miƙa hannu bayan injin ya kashe babban makunni. Fankoki suka yi shiru. Ya kunna, muka jira injin ya farfaɗo, ya ce in buɗe wasiƙata. Sunanta na nan, amma cikinta babu ko harafi ɗaya. Ba wannan kaɗai ba, taswirar faifan ma ta rikice, wato wurin da ke nuna wane yanki na wane aiki ne, don an katse ta tana tsakiyar canzawa. Muka shafe yinin nan muna gyara da hannu. Faifan gwaji ne, ba na abokan ciniki ba, amma bai gaya mini haka ba sai da la'asar, bayan na gama tsara yadda zan shaida wa mahaifiyata an kore ni.

"Yanzu ka san aiki," ya ce. "Saura ka koya."

Koyon ya ɗauki shekaru, kuma ba shi da wani armashi. Ya buga mini rubutun kanel a takarda mai faɗi mai ramuka a gefe, ya ɗaure da zare, nauyinsa ya kai na ƙaramin yaro. Ina karantawa a trotro, fasinjoji na leƙowa suna tsammani sakamakon caca ne. Ba ya bayani. In na tambaye shi me wani layi ke yi, sai ya ce in cire shi a faifan gwaji in ga abin da zai mutu. Kayan aikinmu kuwa, ga faifai mai hawa-hawa kamar an jera faranti a cikin tukunya mai murfi, wanda sai ka riƙe da hannu biyu. Ga auduga da sifirit na goge kawunan da ke karanta faifan. Ga tef na kwafin ajiya, wanda zafi ke sa shi manne wa kansa. Ga jerin ƙananan makunnai a gaban injin, da su ake shigar da umarnin farko da yatsa idan ya ƙi tashi. Ku yau in waya ta ƙi tashi sai ku ce wa mai ita ta sha ruwa, ku sayar masa da wata. Mu ba mu da wata. Guda ɗaya ce, kuma ta fi gidanmu tsada.

Akwai wani mai fiton kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema da ba na mantawa. Ma'aikatansa na zuwa su buga takardun kaya a wurinmu. A lokacin kanel yana kwashe shafuka masu datti duk bayan rabin minti, kuma idan sun taru da yawa, allo yakan ɗan tsaya kafin ya ci gaba. Mutumin ya zo da kansa, da babban tumbi da ƙaramin haƙuri, ya ce injinmu yana barci a bakin aiki. Muka tsawaita lokacin, allo ya daina tsayawa, ya yaba mana. Bayan wasu makonni wuta ta ɗauke da rana tsaka, aikin da yaransa suka yi tun hantsi ya tafi. Ya dawo ya ce injinmu ɓarawo ne. Na ce masa, cikin ladabi, ya zaɓi ɗaya, mai barci ko ɓarawo. Ya ce shi yana son wanda ba ya barci kuma ba ya sata. Duk abokin cinikin da na taɓa gani abin da yake so ke nan. Har yau ban daina mamakin yadda mutum zai yarda tuwo yana bukatar lokaci a kan wuta, amma ya ƙi yarda faifai yana bukatar lokaci.

Sai muguwar shekarar ta zo. Iyayenku sun ba ku labarinta, ko da yake na san kuna latsa waya lokacin da suke bayarwa. Ruwan sama ya ƙi, wutar daji ta cinye gonaki, 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya suka cika gidaje. A Nima mutane na bin layin dokunu, ƙullin masarar da ake dafawa a ganye, tun bai dahu ba, su saya ɗanye su kai gida. Ƙasusuwan wuya suka fito wa manya da yara. Ruwan madatsar Akosombo, inda ake samar mana da wuta, ya janye, aka fara rabon wuta. An ce akwai tsari na ranar da kowace unguwa za ta samu, kuma na yarda akwai shi, sai dai mutanen wuta ba su taɓa karanta shi ba. Ba a shigo da kayan gyara. Abokan cinikinmu suka watse, don wanda ba shi da kaya a tasha ba ya bukatar takardar kaya.

A cikin wannan hali Alhaji Sumaila ya shigo ofishinmu. Dattijo ne a Maamobi, shugaban wani kwamiti na masallatai da coci-coci da aka ɗora wa rabon masarar agaji a Nima da Maamobi. Masu ba da masarar sun gindaya sharaɗi. Ba za su saki motoci daga Tema ba sai kowane gida yana da kati bugagge mai lamba, don kada 'yan kalabule, masu cin kazamar riba, su karɓa sau biyar su kai kasuwa. Kwamitin ya bi gida-gida ya rubuta mutane a takardu, takardun suka cika buhuna. Aikinmu shi ne mu shigar da su, injin ya tace waɗanda aka rubuta sau biyu, ya buga katunan. An sa rana. In ranar ta wuce babu kati, masarar za ta tafi wata unguwa, mu jira jirgi na gaba, wanda babu wanda ya san ranar zuwansa.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ke ba 'yar gidan Malam Garba ba ce, na bayan gota, babban kwalbatin nan?"

"Ni ce, Baaba Alhaji."

"To alhamdu lillahi. Aikin yana hannun 'yar gida."

Kafin magariba duk Nima ta san cewa masarar tana hannun Adiza. Ban san wanda ya nemi wannan alfarmar a madadina ba.

A makon farko wuta ta ɗauke muna tsakiyar aiki, taswirar faifan ta lalace, sai da muka koma kwafin tef na shekaranjiya. Aikin kwana biyu ya tafi. 'Yan matan da ke bugawa, waɗanda ke zuwa da cikin da babu komai sai ruwan koko, suka sake ɗaukar takardun da suka riga suka gama. Shugabarsu Sista Naa ce. Ta zo ta ajiye buhun a gabana da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Muna da janareta, amma babu mai, kuma ko da akwai, kafin a tada shi injin ya riga ya manta sunansa. Abin da muke bukata ɗan lokaci ne kaɗan tsakanin ɗaukewar wuta da mutuwar injin, wanda kanel zai kwashe shafukan a cikinsa.

Massa Ankrah ne ya tuna da Baaba Issaka. Bazabarme ne, yana da nika-nika a Maamobi, kuma yana naɗin wayar motar lantarki, irin mai juya inji. Injin niƙansa na zaune babu aiki, don babu wanda ke da abin niƙawa. A jikin injin akwai wili na ƙarfe, babba, mai nauyin da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Dabarar ita ce wutar gari ta juya motar lantarki, motar ta juya wilin, wilin ya juya ƙaramin janareta, janaretan ya ba injinmu wuta. In wutar gari ta ɗauke, nauyin wilin zai ci gaba da juyawa na 'yan daƙiƙu kafin ya gaji. Baaba Issaka ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Aro ne fa, ba kyauta ba." Aka ɗora wilin a kan amalanke daga Maamobi zuwa Adabraka, yara na bin sa a baya suna tsammani abinci ne.

Ya kafa shi a tsakar gidan ofis, ya ɗaure da bel, ya ja waya ta taga. Ya kuma haɗa wata 'yar na'ura da ke sanar da kanel cewa wutar gari ta tafi. Daga nan nasu ya ƙare, nawa ya fara. Wilin ba ya ba da lokaci mai yawa, bai fi ka karanta Fatiha a natse ba. Dole shafuka masu datti kada su taɓa wuce abin da faifai zai iya haɗiyewa a wannan ɗan lokacin. Sai na sa iyaka a cikin kanel. In shafukan sun kusa iyakar, ya fara kwashewa tun kafin lokaci ya yi. In sun kai iyakar, duk wanda ke bugawa a dakatar da shi har faifai ya rage kaya. Da zarar an ce wuta ta tafi, kanel ya daina karɓar komai daga kowa, ya kwashe abin da ke hannunsa, ainihin bayanan da farko, taswira daga baya, don ko an katse shi a tsakiya kada taswira ta nuna wurin da babu komai.

Ya yi aiki. Massa Ankrah ya kashe babban makunni da gangan, wilin ya yi gurnani, faifan gwaji ya fita lafiya. Sai dai allunan 'yan matan sun koma tsayawa a kai a kai. Mutum na tsakiyar buga suna, harafi ya maƙale, sai ya jira. Sista Naa ta lissafa buhunan da suka rage ta ce da wannan tafiyar ba za mu kai ranar ba. Gaskiya ta faɗa. Ba ta tsaya a nan ba, ta gaya wa Alhaji.

Alhaji Sumaila ya zo da rana, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin sanyi, wanda yanzu ba shi da sanyi, ya zauna.

"Adiza, an ce ke kika ɗaure wa injin ƙafa."

"Na sa masa iyaka ne, Baaba Alhaji, don kada mu sake rasa aiki."

"Mutane na jin yunwa, ke kina koya wa ƙarfe yanga. Kwance shi."

"In na kwance, wuta ta ɗauke, za mu koma baya."

"In ba ki kwance ba fa?"

"Ba za mu kai ranar ba."

Ya juya wajen Massa Ankrah. "Kai ne babba. Wanne ne daidai?"

Massa Ankrah ya ce, "Alhaji, duka biyu daidai ne. Shi ne matsala."

Alhaji ba wawa ba ne. Shi ne mata ke tarewa a ƙofar masallaci da yara a goye. Ya tashi ya sa takalminsa, ya ce shi bai san kanel ba, bai san wili ba, amma ya san ranar da motoci za su tashi, kuma ya san gidan kowa a cikinmu.

Abin da ya rage shi ne a sa faifan ya haɗiye da sauri, don in ɗaga iyakar ba tare da na wuce ƙarfin wilin ba. Na zauna ina kallon hannun da ke yawo a kan faifan ta cikin murfin gilashi. Yana zuwa ciki, ya dawo baki, ya koma tsakiya, ya sake dawowa baki, don kanel na aika shafukan yadda suka iso ne. Kamar direban trotro da zai sauke mutum a Nima, ya kai na biyu Tudu, ya dawo da na uku Maamobi, saboda haka suka shiga motar. Rabin lokacin a tafiya yake ƙarewa, ba a rubutu ba. Sai na sake rubuta wannan sashen, a jera shafukan bisa wurin da za su sauka, hannun ya bi su a tafiya ɗaya, waɗanda ke maƙwabtaka a haɗa su a aika tare. A baki abu ne mai sauƙi, na ga ma wasunku sun gyaɗa kai kamar da ma sun yi tunaninsa. A aikace, kuskuren harafi ɗaya a wurin nan zai zuba sunayen Maamobi a kan taswirar faifai, kuma injin zai amsa maka da cewa ya ajiye. Ga shi ba a gwada kanel sai da wuta, wutar kuma 'yan matan na bukatarta. A takarda na rubuta da fensir a ranakun da babu wuta, Massa Ankrah na bi layi-layi da jan biro yana neman inda zan kashe mu. Ya samu wurare, muka gyara. Ranar da wuta ta zo muka roƙi Sista Naa ta ba mu injin na ɗan lokaci. Ta ba mu, tana tsaye a kanmu da hannu a ƙugu. Muka gwada a faifan gwaji, muka kashe makunni, muka kunna, muka sake kashewa. Ya riƙe. Na ɗaga iyakar. Tsayawar allo ba ta ɓace ba, amma ta ragu har ana iya aiki.

Ranar Alhamis, saura buhu ɗaya, motoci za su tashi Asabar. Alhaji yana zaune a kujerar Massa Ankrah yana jan carbi, Baaba Issaka na tsakar gida yana shafa wa bel ɗinsa wani abu. Injin na tsakiyar tace sunayen da aka maimaita, aikin da ya fi kowanne tara shafuka masu datti, 'yan mata kuma na bugawa da iyakar saurinsu. Bayan azahar fitilun rufi suka mutu. Alluna suka daskare. Babu abin da ake ji sai wilin a waje, muryarsa na sauka a hankali, da ƙarar hannun faifai. Akwai wata 'yar fitila ja a gaban injin da ke kunnuwa idan ana rubutu. Duk muka zuba mata ido. Bel ya fara kuka. Fitilar ta yi ta ƙiftawa, ta ƙifta, ta mutu. Bayanta kaɗan fankokin injin suka tsaya.

"An ajiye?" in ji Alhaji.

"Ban sani ba, Baaba Alhaji."

"Ba ke kika yi abin ba?"

"Ni na yi. Amma ban san ko fitilar ta mutu don ta gama ba ne, ko don wuta ta ƙare mata. Sai wuta ta dawo."

Wuta ba ta dawo ranar ba. Na taka da ƙafa daga Adabraka zuwa Nima, don trotro ma sai da sa'a. Tun daga bakin titi ake tare ni. Wata ta ce a duba mata ko an sa sunan kakarta. Wani ya ce ya ji injin ya ƙone. Maƙwabciyarmu ta kawo wa mahaifiyata ɗan gari a ƙoƙo, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna tana kallona. Na ce wa kowa aiki na tafiya. Shekaru ina zama da injin, na koyi yadda ake amsawa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci wuta ta zo. Massa Ankrah ya shigar da umarnin farko da yatsa, muka saki shirin da ke bincika faifai. Shirin nan ba ya sauri, kuma ba ya cewa komai sai ya sami ɓarna, don haka shirunsa ake so. Ya yi shiru har ƙarshe. Sista Naa ta buɗe aikinta, ta sami sunan da take bugawa lokacin da wuta ta tafi, an yanke shi a tsakiya, duk abin da ke gabansa yana nan. Ta ƙarasa sunan, ta jawo takarda ta gaba. Kafin la'asar sakaliya firinta ta fara ihu, katuna na fitowa, Alhaji da mutanensa na yankawa da almakashi suna ɗaurewa unguwa-unguwa.

Masarar ta zo. Ja ce, ba irin wadda muka saba ba, tuwonta na da wani wari, kuma babu wanda ya mayar da tasa. Ranar Litinin da safe na iso ofis na tarar da amalanke a ƙofa, Baaba Issaka na kwance bel.

Na ce, "Baaba, ina za ka da shi? Har yanzu ana ɗauke wuta."

Ya ce, "Ɗiyata, layi ya kai bakin titi a ƙofar nika-nika. Kin ba su masara, da haƙori za su niƙa?"

Na matsa gefe. Aka ɗora wilin aka tafi. Injinmu ya koma yadda yake, babu ko daƙiƙa ɗaya ta jinkiri, ga kuma zagaye na biyu na katuna an kawo. Sai na sauke iyakar har ƙasa, kusan kowane shafi sai ya taɓa faifai kafin a ce wa mai bugawa an gama. Injin ya daina ƙarya, ya kuma zama abin da ba a iya zama da shi. Har ruwa ya dawo Akosombo haka muka yi aiki, ba mu rasa suna ko ɗaya ba, kuma babu ranar da ba a zage ni ba.

Da abubuwa suka lafa kwamitin ya yi taron godiya a filin makarantar Islamiyya a Maamobi, aka kafa rumfa, aka jera benci. Alhaji Sumaila ya gode wa Allah, ya gode wa masu masara, ya gode wa direbobi. Ya kira Baaba Issaka aka tafa masa. Ya kira Sista Naa da 'yan matanta, ya ce yatsunsu sun ciyar da unguwa biyu. Ya kira Massa Ankrah ya ce ɗan Ga ne amma zuciyarsa ta zango ce. Sannan ya hango ni a bencin baya.

"Ga kuma 'yarmu Adiza," ya ce. "Ita ce ta riƙa rage wa injin gudu. Amma duk da haka, da ikon Allah, aka gama."

Aka tafa mini, tafi na yafiya. Daga ranar sunana ya zama Adiza Gosulo, wato mai hana tafiya, daga bakin gota har kasuwar Maamobi. Na yi shekaru bayan nan a kan wasu injuna, na koyar da mutanen da yanzu suke manyan ofisoshi, na je Makka na dawo. Makon jiya wata tsohuwa ta tsayar da ni a wajen mai waakye, wato shinkafa da wake, ta riƙe hannuna, ta ce wa jikarta, "Gaishe ta. Wannan ita ce Hajiya Gosulo. Da ba don ita ba, da tun ranar Laraba muka ci masarar nan."